Takardar sarki ta ce Landan, ƙasa ta ce ƙauye

A shekarar 1619 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ba masu yin lofe na unguwar Westminster, wadda ke cikin Landan ta yau, takardar izini da ta mallaka musu sana'ar baki ɗaya. Bisa ga wannan takarda, babu wanda zai gina tukunyar shan taba ta yumɓu a ƙasar sai da yardarsu. Wannan sarkin dai shi ne ya rubuta ƙasida a 1604 yana la'antar taba, yana cewa warinta ya ishi hanci, tana kuma cutar da ƙwaƙwalwa da huhu. Ƙin da yake mata bai hana fadarsa tsara yadda za ta ci moriyar cinikinta ba. Daga baya masu sana'ar a birnin Bristol suka kafa tasu ƙungiyar a 1652, na birnin Gouda a ƙasar Holan suka kafa tasu a 1660. Duk wanda ya dogara da takardun fada da na ƙungiyoyi kaɗai zai tashi da fahimtar cewa yin lofe sana'ar birni ce, mutumin ƙauye kuwa nasa saye da sha.

Sai aka tona ƙasa. A arewacin gundumar Herefordshire, kusa da garin Ludlow, wajen iyakar Wales, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Pipe Aston, gidajensa ba su taka kara sun karya ba. Wani masanin kufai mai suna Allan Peacey, wanda ya ƙware kan matoyar lofe, ya shafe shekaru tare da masu aikin sa kai suna haƙa a can, har cikin wani lambun itatuwa. Suka tarar da ragowar matoya, da toka, da tulin lofen da wuta ta ɓata, da hatiman masu sana'a daban-daban a wuri guda, duka daga ƙarni na 17 zuwa farkon na 18. Ashe a wannan lungu da ba ya cikin lissafin kowa, mutane sun yi ta toya lofe suna kai wa kasuwannin kewaye, kaka ya bar wa jika.

Ya kamata a tsaya a nan a ga yadda ake gane haka, domin a nan ƙarfin hujjar yake. Tsintar fasasshen lofe a gona ba ya nuna an yi shi a wurin. Abu ne mai arha, mai saurin karyewa, manomi zai saya a kasuwa ya sha kwana kaɗan ya yar, shi ya sa kusan kowace tsohuwar gona a Ingila ba ta rasa gutsattsarinsa. Abin da masana ke nema shi ne ɓarnar matoya: lofen da ya lanƙwashe saboda wuta ta yi masa yawa, wanda ya tsage, guda biyu ko uku da suka narke suka manne, da kuma waɗanda cikinsu fari ne fes, alamar ba a taɓa kunna taba a ciki ba. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauko irin wannan kaya daga birni ya kawo ƙauye, don haka inda aka same su tuli, nan aka toya su. Akwai wata alamar da ta fi wannan ƙarfi. Farin yumɓu ba ya son hayaƙi ya taɓa shi, in ya taɓa shi sai ya dafe, saboda haka magina suna gina wata babbar tukunya a cikin matoyar, su jera lofe a cikinta, wuta ta zagaye ta daga waje. Ita wannan tukunyar ana ƙarfafa bangonta da karyayyun karan lofe da ake jerawa cikin yumɓun. Duk inda aka tono ɓallin toyayyen yumɓu mai karan lofe jere a cikinsa, magana ta ƙare, matoya ce a wurin.

Sana'ar kanta ba ta buƙatar babban jari. Ana murza yumɓu ya yi kamar sanda mai kai, a zura waya ta tsakiyar karan, a sa shi cikin wani ƙarfe mai ɓari biyu a matse, a danna wata 'yar taɓaryar ƙarfe ta buɗe cikin tukunyar, a goge, a shanya, a toya. Aikin gida ne, mata da yara suna ciki, kuma takardun coci da na gado sun nuna matan da mazansu suka mutu suka ci gaba da riƙe sana'ar. Abin da ake buƙata shi ne yumɓu mai kyau da makamashi, waɗannan kuwa a karkara suke. Shi ya sa Broseley da ke gundumar Shropshire, inda farin yumɓu da gawayin ƙasa suke kusa da juna, ta fara tun ƙarni na 17 ta zama wurin da sunansa ya bi lofe ko'ina a ƙasar, ba a kuma daina toyawa a can ba sai a shekarun 1950. Masana'antar ƙarshe yanzu gidan tarihi ce. Ita ma tabar, duk da dokar da ta hana nomanta a Ingila don kare kuɗin shigar da ake samu daga tabar Virginia ta Amurka, manoman yankin Winchcombe da ke gundumar Gloucestershire sun yi ta nomanta shekaru da dama, har gwamnati ta riƙa tura sojoji kan dawaki su tattake gonakin.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, tarihin da aka gina kan takarda kaɗai yana zaluntar mutanen ƙauye, kuma zaluncin ba ya tsayawa a littafi. Takarda tana bin fada da kotu da mai karɓar haraji. Wanda ba ya da ƙungiya, ba ya da lauya, yana noma da damina yana toya lofe da rani, ba ya shiga takarda sai ranar da aka kama shi ko ranar da aka raba gadonsa. Idan aka daɗe ana koyar da yara cewa sana'a da dabara daga birni suke fitowa, sai masu tsara ƙasa su girma da wannan tunani, su ɗauki karkara a matsayin wurin da ake kai wa abu, ba wurin da ya taɓa ƙera wani abu ba. Maganin wannan kuskure yana binne a jujin ƙauye da kufai, kuma su ne wuraren da ba wanda ke kashe kuɗi wajen karewa.

Akwai kuma amfanin da fasasshen lofe ke yi wa sauran tarihi. Saboda yana karyewa da wuri, kuma siffarsa tana sauyawa daga zamani zuwa zamani, ya zama ma'aunin shekaru. Na farko-farko tukunyarsu ƙarama ce ƙwarai, don taba tana da tsada a lokacin. Da ta yi arha sai tukunyar ta ƙara girma, karan ya ƙara tsawo. A 1954 wani masani Ba'amurke mai suna J. C. Harrington, wanda ya yi aiki a kufan Jamestown da ke Virginia, ya lura cewa ramin da ke cikin karan lofen Ingila yana ta ƙara tsukewa daga wajen 1620 zuwa 1800. Daga nan masana suka riƙa auna ramukan da bakin abin huda katako masu girma daban-daban, su ƙiyasta shekarun wurin da suke haƙa. Wani masanin, Lewis Binford, ya mayar da wannan hanya ta zama ƙa'idar lissafi a 1962. Hanyar tana da iyaka, tana son gutsattsari masu yawa kafin a yarda da ita, amma da ita aka sa wa gidaje da rijiyoyi da shaguna masu ɗimbin yawa shekaru. Gunkin zinariya guda ɗaya ba zai yi wannan aiki ba, sai dai tarkacen da talaka ya yar.

Na san abin da wani zai ce, kuma ban raina maganar ba. Taba tana kashe miliyoyin mutane kowace shekara, malamai da yawa sun haramta ta, Najeriya ta yi dokar taƙaita shanta a 2015, to me ya sa za a ɓata kuɗi da lokaci kan kayan shanta? Ni ma ba na fatan ganin ko yaro ɗaya ya ɗauki sigari. Amma wanda yake son ya yaƙi abu, ya kamata ya san ta inda ya shigo gida. Ganyen da ba a sani ba a wajen nahiyar Amurka kafin 1492 ya kai ƙauyukan Ingila da na Afirka ta Yamma cikin ɗan lokaci, har magina suka buɗe masa sabuwar sana'a. Yadda abu mai kama jiki yake ratsa talakawa da sauri haka, da wanda ya ci riba, da wanda ya biya, duka darasi ne ga masu fama da kayan maye a garuruwanmu yau. Sannan tarihin taba tarihin bauta ne, wanda ya taɓa mu kai tsaye. Gonakin tabar Virginia da Maryland da ƙarfin bayi aka noma su. Tabar Bahia ta ƙasar Brazil, wadda ake naɗewa a shafe da ruwan rake, ita ce babban kayan da ake musayar mutane da shi a tashar Ouidah da ke Jamhuriyar Benin ta yau. Cikin waɗanda aka loda a jiragen nan a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, kuma su ne suka shirya bore a Bahia a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. Wanda ya ce tarihin taba ba ruwansa, ya juya wa waɗannan mutane baya.

A can gonakin Virginia da Maryland ɗin ma ƙasa ta fito da abin da takarda ba ta rubuta ba. Ban da fararen lofen da ake kawowa daga Ingila da Holan, masu haƙa suna ta samun wasu na jan yumɓun wurin, na ƙarni na 17, an yi musu ado da ɗige-ɗige da aka cika da farar ƙasa, da zanen taurari da barewa. A 1988 wani masani mai suna Matthew Emerson ya kawo hujjar cewa wasu daga cikin zanen sun yi kama da na Afirka ta Yamma, har da na wasu al'ummun arewa maso gabashin Najeriya ta yau, don haka yana ganin hannun bayi a ciki. Wasu masana suka mayar masa da martani cewa 'yan asalin Amurka sun daɗe suna irin wannan ado tun kafin zuwan Turawa. Har yanzu ana jayayyar, kuma da yawa sun karkata ga cewa jama'a uku ne suka haɗu a gona ɗaya, kowa ya ɗauki na wani. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, abin lura shi ne mutanen da ba a ba su alƙalami ba sun bar sawun hannunsu a kan yumɓu, kuma ba don wani ya durƙusa ya tsince gutsattsarin ya wanke ya jera ba, da ba a ma san akwai abin jayayya ba.

Namu yankin fa? Taba ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Malamai sun yi ta muhawara a kanta tun da wuri: Ahmad Baba na Tambutu, yana Maroko a 1607, ya rubuta fatawa yana ganin halaccinta, wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa. Maganar malamai ta samu takarda ta tsira. Magina da suka fara ƙera tukunyar taba kuwa babu wanda ya rubuta sunansu. Lofen nan yankin ya bambanta da na Turawa: tukunyar ce kaɗai ta yumɓu, sai a soka mata kara ko bututun itace, kuma sau da yawa ana yi mata ado mai kyau. A Ghana, Paul Ozanne na Jami'ar Ghana ya yi nazarin irin waɗannan a farkon shekarun 1960, ya jera su bisa siffa daga kufan yankin Accra da Shai, yana dogaro da wuraren da aka san lokacin da aka tashe su, kamar garin Ayawaso da mutanen Akwamu suka ci da yaƙi a 1677. Daga wannan aiki ne masana suka samu sandar awo: duk inda lofe ya bayyana a ƙasa a wannan yanki, galibi an shiga ƙarni na 17 ko bayansa. A Elmina ta Ghana da Savi ta kusa da Ouidah kuma an tono lofen Holan da na Ingila masu yawa, kayan da jiragen fatake suka sauke.

A ƙasar Hausa taba ba baƙuwa ba ce. Heinrich Barth da ya ratsa ƙasar Katsina a 1851 ya ga gonakinta, kuma tabar Katsina ta yi suna a fatauci. Kakanninmu sun san garin taba da kanwa, sun san furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro, sun san tsofaffi masu lofe a kasuwannin ƙauye. Tambayoyin da mutanen Pipe Aston suka amsa wa kansu da shebur da mataci a buɗe suke a gabanmu. Wane gari ne ya fara gina tukunyar taba? Masu ginin tukwanen girki ne suka ƙara da ita, ko sana'a ce ta daban? Siffarta ta Katsina ɗaya ce da ta Gobir da ta Damagaram? Idan aka jera su bisa zamani kamar yadda aka yi a Accra, za a iya sa wa kufai da yawa shekaru, a gwada da abin da maroƙa da tsofaffi ke faɗa game da ƙaura da yaƙe-yaƙe. Mun riga mun ga abin da irin wannan haƙa ke iya fitarwa: matoyar ƙarfe ta Taruga da Bernard Fagg ya tono a shekarun 1960, wuraren narka tama da aka gano a yammacin Samaru kusa da Zariya, da aikin Anne Haour a Kufan Kanawa kusa da Damagaram. Duka a daji da gonaki suke.

Abin da ke damuna shi ne hankalin hukuma da na jama'a ya tafi kan abin da zai yi kuɗi ko ya yi kyau a hoto. Gumakan Nok, tun da aka fara tsintar su a wuraren haƙar kuza a 1928, sun ja hankalin duniya, suka ja na ɓarayi ma, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari tare da na Sakkwato da na Katsina. Mai haƙar sata yana neman kan gunki ne, saboda haka yana watsar da tsingaro da gawayi da toka, waɗanda su ne za su faɗi shekarun gunkin da rayuwar wanda ya gina shi. Ɓarnar da ta fi wannan yawa ma ba ta sata ba ce. Tifa ce da ke kwasar jar ƙasa daga tsohon tudu don cikon hanya, da masu buga tubali da ke cin ganuwa, da masu haƙar zinariya da ke juye daji, da tarakta da ke kai garma inda fartanya ba ta taɓa kaiwa ba. Babu mai mugun nufi a cikinsu, neman abinci suke, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa tudun nan mai tsingaro yana da wani amfani.

Muna da doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ba da izini ba, ta kuma hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin hukuma. Akwai dokar 1992 da ta wajabta duba illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Amma doka mai hani kawai tana sa manomi ya ɓoye abin da ya tsinta, don yana tsoron kada a ce ya yi laifi ko a karɓe masa gona. A nan ina ganin akwai abin koyi a Ingila, ba don komai nasu ya fi namu ba, sai don sun gwada abu biyu sun yi aiki. Tun 1990 suka ɗora wa mai gini nauyin biyan kuɗin binciken kufai kafin ya fara tono, kuma ta wannan hanya aka gano ƙananan wuraren sana'a masu yawa da ba za a taɓa ware musu kuɗin gwamnati ba. A 1997 kuma suka buɗe wani shiri da kowa zai iya kai abin da ya tsinta a rubuta shi, a ɗauki hotonsa, a sa wurin a taswira, a mayar masa da abinsa in ba dukiya ce da doka ta keɓe ba.

Irin wannan ba ya fi ƙarfinmu. Kamfanin da aka ba kwangilar hanya ta biliyoyin naira zai iya ɗaukar nauyin masana biyu su bi layin da ƙafa kafin katafila ta shiga, kuma ya kamata a rubuta hakan cikin kwangilar. Sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello yana fitar da ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna ƙarewa a aikin da ba nasu ba. Su ne ya kamata a ɗauka. Dagaci da mai unguwa sun san kowane kufai a ƙasarsu, sun san wanda ake cewa na maƙera ne da wanda ake cewa na magina ne, kuma masarautu za su iya tattara wannan sani cikin rani ɗaya in aka ba su takarda da mai rubutawa. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano su ware rana da tebur don manomin da ya zo da tsingaro a leda, a karɓe shi da mutunci, a tambaye shi inda ya samu, a gode masa. Malamin firamare a ƙauye kuwa a koya masa abu uku da zai gaya wa yara: kada a tona, a lura da wurin, a faɗa wa dagaci.

Sai kuma tsofaffin magina da suka rage. Akwai waɗanda suka ga iyayensu suna gina tukunyar taba, sun san yumɓun wane kududdufi ake ɗiba, da abin da ake haɗa shi da shi, da yadda ake huda ta, da kasuwar da ake kai ta ranar wace. Masanan Ingila sai da suka sake gina matoya suna gwadawa kafin su fahimci wasu abubuwan, domin masu sana'ar sun riga sun ƙare. Mu har yanzu muna da wanda za mu tambaya, kuma naɗar maganarsa ba ta buƙatar komai fiye da wayar hannu da kuɗin mota zuwa ƙauyen.